Nonon leda yana kumbura, an kori yara biyu, bai daina ba

Wata Hajiya mai ƙaramin kamfanin nonon leda a Yamai ta aiko da tambaya. Tana fitar da leda 2,000 a rana, kowace sefa 100, amma tun shigowar zafi masu shago ke maido mata da kamar 150 kullum, wasu sun kumbura, wasu sun yi tsami. Ta kori yara biyu, ta canza mai kawo mata madara, abin bai sake zani ba. Wani ɗan'uwanta ya ce ta biya kuɗi a koya mata Six Sigma, wata hanyar rage kurakurai a wurin aiki. Tana son sanin ko akwai hanya tsararriya da ake bi a gano inda matsala take a kashe ta, kuma ko karatun nan ya ci kuɗinsa.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Bari mu fara da lissafi. Leda 150 cikin 2,000 kashi 7.5 ke nan cikin ɗari. Jika 15 ke tafiya juji kowace rana, a wata sefa 450,000, ban da mai shagon da ya gaji ya koma wa wani bai ce miki komai ba. Ki rubuta wannan adadin a shafin farko na sabon kaye, domin da shi za ki auna duk abin da zai biyo baya.

Na daɗe ina aikin kula da inganci a wuraren sarrafa abinci, kuma abin da kika yi shi kusan kowa ke fara yi, wato neman mai laifi. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Edwards Deming, Ba'amurken da Japanawa suka gayyata a 1950 ya koyar da injiniyoyinsu da shugabannin masana'antunsu, ya ƙiyasta cewa kashi 94 cikin ɗari na matsalolin da ya gani a wuraren aiki daga tsarin aikin suke, wanda yake hannun mai gida. Ke ma ai kin gwada: yara biyu sun tafi, leda ba ta daina kumbura ba. Ashe abin da ke kumbura ta yana nan cikin gida bai tafi ba.

"Nonona yana lalacewa" kuka ne, ba a iya aiki da shi. Ledar da ta kumbura da wadda ta yi tsami ba ciwo ɗaya suke ba. Kumburi iska ce, kuma ƙwayoyin da ke mayar da madara nono irin wannan ba su yin iska, tsami kawai suke yi. In leda ta cika ta yi tam kamar balan-balan, wani baƙo ne ya shiga, ko yis ko ƙwayoyin ƙazanta. Tsamin da ya wuce kima kuwa yawanci zafi ne: nonon ya nuna amma ba a sanyaya shi da wuri ba, ko ya kwana a shagon da ba wuta. Sai mai yoyo, wannan maganar injin liƙi ce ko ledar kanta. Sai wanda ya tsinke, ruwa sama gari ƙasa. In kin haɗa su a bokiti ɗaya kin kira su "wanda aka maido", za ki yi ta ba mai ciwon kai maganin ciki.

Saboda haka aikin sati biyu na farko ƙidaya ce kawai. Duk ledar da ta dawo a duba ta, a ja sanda ɗaya a kaye ƙarƙashin irin ciwonta, a rubuta shagon da ta fito da unguwa, Bukoki ce, Talaje ce, ko ƙetaren gada. Idan sati biyu suka cika ki jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Kusan kullum za ki tarar iri ɗaya ko biyu ne suka kwashe mafi yawan asarar. Joseph Juran ne ya shigo da wannan dabara cikin harkar inganci, ya laƙaba mata sunan Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya wanda ya lura cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane ƙalilan. Ana ce mata 80 da 20, amma kada ki tsaya jiran lambar ta fito daidai. Ki kama babban ciwon, sauran su jira layi.

Ga wani abu da mutane ke tsallakewa, kuma in aka tsallake shi duk ƙidayar ta tashi banza. Ranar da leda ta dawo ba ita ce ranar da ta kamu ba. Dole kowace leda ta fita da alamar ranar da aka yi ta da tukunyar da ta fito. In ba ki da injin buga kwanan wata, maka mai launi ta isa: ja ga tukunyar safe, shuɗi ga ta marece, da lambar rana. Sannan daga kowace tukunya ki ɓoye leda huɗu. Biyu a firigonki, biyu a kan tebur cikin ɗaki, ki riƙa duba su safe da yamma kina rubutawa. Wannan ƴar dabarar tana raba gardamar da kan ci watanni tsakanin mai kamfani da masu shago. In na cikin firigonki ma sun kumbura kafin kwanakinsu su cika, to ciwon daga gida ya fita. In naki lafiya lau amma na shago ke dawowa, ki bi mai kai kaya da firigon masu shago. In na kan tebur na tukunyar Litinin sun kumbura cikin yini ɗaya, na Talata kuwa sun kai kwana biyu tsami kawai suka yi, akwai abin da aka yi ran Litinin da ba a yi ran Talata ba, kuma shi muke nema.

Sai ki sami takarda mai gida-gida irin ta ƴan lakwal, ki riƙa ɗiga adadin kowace rana. Walter Shewhart ne ya fito da wannan zanen a 1924 a kamfanin Western Electric na Amurka, kuma abin da ya gano yana da amfani ga hawan jininki. Ko ba abin da ya canza, adadi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In matsakaicinki 150 ne cikin 2,000, to bisa lissafinsa duk abin da ya faɗa tsakanin 115 da 185 hawa da saukar yau da kullum ne. Ranar da aka maido 170 ba ranar faɗa ba ce, ranar 130 ma ba ranar yabon kowa ba ce. Amma in kin ga tukunyar yau ta maido 30, ta gobe 400, wannan ba hawa da sauka ba ne, tukunya ce guda ke kamuwa gaba ɗayanta. Ni na fi son ganin haka ma, don ɓarawon da ke zuwa rana-rana ya fi sauƙin kamu a kan wanda ke ɗiba kaɗan-kaɗan kullum.

Idan ƙidaya ta nuna, a ce, kumburi ne babba, sai ki tara ma'aikatanki duka, har da mai wanke-wanke da mai kai kaya a moto. A zana ƙashin kifi a bango ko a babban kwali: kan kifin shi ne "leda tana kumbura", ƙayoyin kuma su ne wuraren da ciwo kan iya shigowa. Kaoru Ishikawa na Jami'ar Tokyo ne ya yaɗa wannan zanen a shekarun 1960, kuma waɗanda suka yi karatu da Faransanci a nan sun san shi da 5M, wato kayan haɗi, kayan aiki, hanyar aiki, ma'aikata, da wurin aiki. Kowa ya faɗi abin da yake zargi, a rubuta, ba a ƙaryata kowa. Ke ce za ki yi magana daga ƙarshe, in ba haka ba kowa zai bi bakinki. Amma ki sani duk abin da ke jikin kifin nan zato ne. Na sha ganin an zana kifi mai kyau an manna a ofis, an ɗauka an gama aiki, alhali ba a gwada ko ƙaya ɗaya ba.

Gani ya kori ji. Ana ba da labarin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya ce wa injiniya ya tsaya ciki ya yi ta kallo har sai ya ga abin da ke faruwa. Ki yi haka kwana biyu, tun daga dama madara har liƙe leda ta ƙarshe, ba faɗa, ba gyara, agogo da bik kawai.

Na taɓa yin irin wannan tsayuwar a wani gidan nono a nan Yamai, cikin watan azumi da ya faɗo a bazara. Su ma kumburi ne, kuma mai gidan ya rantse madarar gari ce aka canza masa. Kaye ya nuna tukunyar marece ce ke kamuwa, kuma ba kullum ba. Na zauna kan wata kujerar roba kusa da ƙofa tun bayan la'asar. Dahuwa lafiya, zuba iri lafiya. Can cikin dare nono ya kama, ya yi kauri, sai na ga yaron ya ɗauki bokiti ya nufi wata shuɗiyar durom a bayan ƙofa, ya ɗebo ruwa, ya zuba sukari a ciki ya dama da hannun muciya, ya juye cikin nonon don ya saki ya shiga injin. Na ce masa, samari, ruwan ina ne wannan? Ya ce na ƴan garuwa ne, Malam, yau famfo bai zo ba. Na leƙa durom ɗin da fitilar waya, gindinta ya yi santsi. Da muka koma kan kaye muka haɗa da ranakun da famfo ya ɗauke, sai ga su sun hau kan juna ɗaya bayan ɗaya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da nan muka tsaya, da yaron ya sha kora. Amma akwai dabarar Toyota ta tambayar "don me" har sau biyar. Misalin da Ohno ya bayar shi ne injin da ya tsaya: fis ya ƙone, don nauyi ya yi yawa, don mai bai isa wurin juyi ba, don famfon man ba ya ja, don sandarsa ta cinye, don ba a sa rariya ba ɓarɓashin ƙarfe ya shiga. Mai canza fis kawai zai dawo bayan wata biyu ya sake canzawa. Mu ma muka bi. Don me ledar ta kumbura? Ruwa da sukarin da ba su ga wuta ba sun shiga bayan dahuwa. Don me ba a tafasa ruwan ba? Tukunya ɗaya ce da murhun gas ɗaya, kuma a lokacin madarar safe na kai. Don me madarar safe ke kan wuta tun dare? Don mai gida ya ninka aiki saboda cinikin azumi bai ƙara tukunya ba. Don me ma ake ƙara ruwa bayan dahuwa? Don tukunyar ba ta ɗaukar cikakken awon, sai ake dafa mai kauri a tsinka daga baya. Kin ga inda zaren ya ƙare, a aljihun mai gida. Ka'idar ita ce kowace amsa sai an je an gani da ido ko an auna kafin a wuce ta gaba, kuma duk lokacin da amsa ta zama "don wane ba ya kula", ba a iso ba tukuna, a sake tambaya.

Ban ce naki ma ruwan garuwa ne ba. Yana iya zama irin nono da ake ta ɗiba daga na jiya ana zubawa a na yau har wata guda ba a sabunta ba, yis kuwa yana bin iri yana ƙaruwa. Yana iya zama tiyon injin cika leda da ake ɗauraye shi ta waje ba a taɓa kwance shi ba. Ki sa a kwance miki shi a gabanki, ki shinshina.

Wurin da na fi tsammanin za ki sha mamaki shi ne zafi, in har yanzu da yatsa ake gwadawa. Madara tana son ta kai digiri 85 ta zauna minti 30, ko 90 zuwa 95 na minti 5, da ruwanta da sukarinta duka a ciki. A sauke ta zuwa 42 ko 45 kafin a zuba iri, ta zauna awa 4 zuwa 6 ta kama, sannan a gaggauta sanyaya ta zuwa wajen digiri 4. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane a Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ta haura 40. Babbar roba cike da nono mai ɗumi in aka tura ta cikin firigo, gefenta zai yi sanyi amma tsakiyarta na iya kwana da ɗumi, tsami na ta ci gaba. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke guda biyu, ki gwada gaskiyarsu: cikin ruwan ƙanƙara su nuna 0, cikin tafasasshen ruwa su kusa 100. A auna tsakiyar robar, a rubuta tare da lokaci. A rubuta kuma lokacin da wuta ta ɗauke da lokacin da aka tada gurup, wato injin ba da wuta.

Idan kin kama abin da kike zargi, kada ki canza abu biyar rana ɗaya. In an samu sauƙi ba za ki san wanne ya yi aiki ba, kuma za ki ci gaba da biyan kuɗin huɗun da ba su yi komai ba. Ki raba: tukunyar safe a sabuwar hanya, ta marece a tsohuwa, sati mai zuwa a juya. Kafin a fara ki rubuta abin da kike sa ran gani, misali kumburi ya sauko daga 90 zuwa ƙasa da 30 cikin sati biyu, don zuciya ta iya yi wa mutum daɗin baki bayan an gama. Wannan zagayen, a tsara, a gwada kaɗan, a duba sakamako, a tabbatar ko a sake lale, shi ake kira PDCA ko ƙafar Deming, ko da yake shi kansa Deming ga Shewhart yake jingina asalinsa.

Gyaran da ya yi aiki kuma sai an ɗaure shi, in ba haka ba wata uku ya kwance, musamman in sabon yaro ya zo. Takarda ɗaya a bango, cikin leda don kada ruwa ya ɓata ta, da hotuna da lambobi manya, tunda wani Hausa yake ji, wani Zabarmanci, kuma ba kowa ke karanta Faransanci ba. Abin da ya fi takarda ƙarfi shi ne a sa kuskuren ya yi wuyar yi, abin da Shigeo Shingo ya sa wa suna poka-yoke. A gidan da na ba ki labari, bayan an ƙara tukunya, durom ɗin muka fitar daga ɗakin gaba ɗaya. Ruwan da babu shi a kusa ba mai zuba shi.

Maganar Six Sigma. Kamfanin Motorola ne ya fito da ita a 1986, General Electric ya yayata ta daga 1995. Matakanta biyar ne da ake taƙaitawa DMAIC: fayyace matsala, aunawa, bincike, gyara, tsarewa. In kin duba, su muka bi tun daga sama. Burinta kuskure 3.4 cikin miliyan ɗaya, ke kuwa yanzu kina kan 75,000 cikin miliyan. Lissafinta mai zurfi na wanda ya riga ya kwashe manyan duwatsu ne yana tsintar tsakuwa. A ra'ayina ki riƙe kuɗinki bana, ki sa su a ma'aunin zafi, tukunya, da gwajin ruwa da nono a ɗakin bincike irin LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar jama'a na ƙasa. In kina son karatun da ya dace da sana'arki, HACCP, tsarin gano wuraren haɗari a sarrafa abinci da tsare su, ya fi kusa, don tun asali saboda abinci aka yi shi, a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Pillsbury ke shirya wa ƴan sama jannatin NASA guzuri. Takardar ISO 9001, ta shaidar tsarin kula da inganci, kuma sai ranar da wani babban mai saye ya nema.

Abu ɗaya zan aro miki daga hanyar 8D ta kamfanin Ford, wato matakai takwas na warware matsala, kuma da shi za ki fara gobe, tun kafin ƙidaya. Suna da mataki na tare ɓarna kafin a gano tushe. Nonon da ya kumbura yana iya ba yaro gudawa, ba maganar asara kaɗai ba ce. Duk tukunyar da ledojin kan teburinta suka kumbura da wuri, a bi shaguna a kwaso sauranta. Ki rage yawan abin da kike ajiye wa kowane shago, a riƙa kai kaɗan-kaɗan, shagon da kika san yana kashe firigo da dare kuwa a ba shi abin da zai sayar a yini.

Yaran nan biyu da kika kora, in kina da lambarsu ki neme su, ko da ba za ki mayar da su ba. Yanzu ba su tsoron kora, don haka za su faɗa miki abin da na ciki ke ɓoyewa. Ki tambaye su me ake yi ranar da famfo bai zo ba, me ake yi da ragowar nonon da ya kwana cikin injin, da kuma yaushe rabon da a sayo sabon iri.